Wayar da Ba Ta Mantuwa

Sandar ta kai juyi dubu uku a minti, sai bencin gwaji ya fara rawa. Injiniya ta danna maɓallin zafi, ta jira.

Sanda ce ta zaren kabon, wani zaren masana'anta mai ƙarfi, an binne wayoyi a jikinta. Ƙarfen wayoyin yana tuna siffarsa: lanƙwasa shi yadda ka ga dama, da ya ji zafi sai ya koma naɗin da aka koya masa a tanda, ya ɗaure sandar, girgiza ta kwanta. Yau ƙaruwa ta yi. Sandar ta tsage a gaban shugaban sashe.

Aikin wata takwas ya tashi a banza. Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta ɗirka wa benci duka da hannun hagu, ta nufi tsohon makaniken ɗakin gwajin, wanda ya naɗa wayoyin.

"Baba, zanen aikin ya ce naɗi ya bi dama. Leƙa tsagar nan, duk hagu ka yi. Ido ne babu, ko kunnen ƙashi?"

"Ranki ya daɗe, samfurin da aka ba ni na bi."

"Samfurin da na naɗa da hannuna? Ni za ka koya wa aikina?"

Shekararsa ashirin da biyu a wurin, saura biyu ya yi ritaya, amma ina, idonta ya rufe. Nan take ta rubuta takardar neman a sallame shi, gefen hannunta yana shafe tawadar kamar kullum, ta miƙa wa shugaba.

Tsohon bai roƙi kowa ba. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko samfurin, mai ɗigon jan fentin da ta sa masa da kanta. Tun da aka gama da shi aka miƙar da shi, yanzu guntuwar waya ce sambal.

"To, ga ta miƙe," in ji injiniya. "Sai ka nemo wata ƙaryar."

Ya tsiyaya tafasasshen ruwa a kofin gilashi, ya jefa wayar. Shugaba ya sunkuyo.

Wayar ta motsa, ta shiga murɗewa a hankali, zagaye bayan zagaye, duk ta hagu. Duk ginin kuwa bahaguwa ɗaya ce, ga ta nan tsaye, biron sallamar yana hannunta.