Sarƙar da ke wuyan Fotini

Lefteris ya sami tsohuwar matarsa, Fotini, zaune ita kaɗai a shagon gahawa na bakin teku a garin Volos. Ya daɗe yana juya kofinsa kafin ya iya kallonta.

"Fotini, ki dawo gida. Ƴan tayinmu biyu da asibiti ya haɗa mana ya daskarar suna nan. Mu sake gwadawa, ko Allah zai ba mu haihuwa."

Ta zaro sarƙa mai ɗan farin dutse daga cikin rigarta.

"Ga su. An mayar da su toka, maƙeri ya zuba a cikin dutsen nan."

Fuskarsa ta sauya. "Ƴaƴan namu kika mayar kayan ado?"

"Ranar da ka tafi na tambaye ka. Ka ce in yi yadda na ga dama."

"Ai da binne su kika yi."

"Su kwanta su kaɗai? Na san yadda wannan yake, Lefteris."

Ya miƙo hannu. "Bari in taɓa su."

Ta sunkuyo kusa da shi, amma ba ta cire sarƙar ba.