Maganin Ya Bi Tururi

Tun shekarar da ƙwayoyin asibiti suka daina jin cuta, ganyen lemun tsami kaɗai ya rage wa mutane. Ka tsinko daga bishiyar gidanka, ka kai gidan tata, a tace maka allura.

Ladidi ta ajiye kwano a gaban Malam Barau mai tata. Ƙafar 'yarta Tasalla ta kumbura har gwiwa tun da ta taka ƙusa, wannan kuwa shi ne ganyen da ya saura a bishiyarsu.

Malam Barau ya ɗaga murfi, ya shinshina.

"Wa ya dafa shi?"

"Uwar mijina ce. Na fita ɗebo ruwa ta yi wa yarinyar surace da shi. Ta ce haka ta reni nata 'ya'yan."

"Baiwar Allah, maganin ai ya bi tururi."

"A dai gwada, Malam."

"Ko na wuni ina matsa, ruwa zan ba ki. Maƙwabta fa?"

"Kowa ya kewaye tasa da ƙaya. Kowa na da yara."

Ya mayar da murfin a hankali. "To sai sabon toho, in damina ta faɗi."

Tun daga zaure ƙamshin lemo ya tare ta. Tsohuwar na zaune tana yi wa Tasalla fifita, bakinta har kunne.

"Kin ga ta yi gumi? Ai na faɗa miki."

Ladidi ta ɓoye kwanon cikin mayafinta.

"Sannu da ƙoƙari, Inna."