A Bar Ni a Ɗakina

Tun kafin a cire gyaɗa Hasanatu ta san ciwon nan ba na tashi ba ne. Cikinta ya kumbura kamar tulu, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta, ko kunu sai 'yarta Turai ta ba ta da ludayi. An yi ƙaho, an sha rubutu, malamin disfensa na Gumel ma ya soka allurarsa. Tsohuwar ta riga ta sallama. Burinta guda ne: ta cika a ɗakinta na Ɗanzomo, maƙwabta suna shigowa ana yafe wa juna, Turai tana gefe tana tuna mata kalmar shahada.

Sai ga Muntaka, ɗanta na fari, wanda ke awon gyaɗa a Gumel a shekarun nan da Turawa suka fara shirin naɗe tabarmarsu. Yana ƙaunar uwarsa, wannan ba musu, amma tsoron bakin mutane ya fi ƙarfinsa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta juya fuska bango ta amsa. Kunyar ɗan fari ke nan. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, balle su yi magana baki da baki.

Ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Na yi magana da direban motar gyaɗa. Asibitin Kano za a kai Inna."

Da ya fita, Hasanatu ta kama hannun Turai. "Je ki gaya wa wancan, a bar ni a ɗakina. Na ji a jikina."

Turai ta same shi a tsakar gida. "Yaya, Inna ta ce a bar ta a nan."

"Ke dai kika ce! Kin gaji da jinya ne? So kike a ce ina da hali na zuba wa uwata ido ta mutu?"

Hasanatu tana jin su sarai. Da ta ɗaga murya da kanta, kalma ɗaya ta isa. Ta buɗe baki, kunya ta rufe mata shi.

A kan buhunan gyaɗa aka shimfiɗe ta. Turai tana da tsohon ciki, dole aka bar ta a gida tana kuka.

A Kano aka ba ta gadon ƙarfe a ɗakin mata, inda namiji ba ya shiga sai lokacin ziyara. Muntaka yakan wuni a baranda. In ya shigo ma, gaisuwa ce daga nesa, kowa kansa a sunkuye. Aka tsiyaye mata ruwan ciki, ya sake taruwa, aka sake tsiyayewa. Hannuwanta duk suka zama tabon allura.

Daga baya Baturen likita ya kira Muntaka gefen gadon, malamin asibiti yana yi musu tafinta. "Abin ya wuce magani. Ka mayar da ita gida ta huta cikin danginta."

Zuciyar Hasanatu ta yi sanyi, har ta fara hango ƙofar ɗakinta.

"A dai ƙara gwadawa," in ji Muntaka. "Da wane ido zan kalli mutanen garinmu?" Ba wanda ya juyo ya tambayi mai ciwon.

Haka ta ci gaba da kwanciya tana kallon rufi. Ba ƙarar daka, ba sallamar maƙwabta, ba mai cewa, "Inna, ya jiki?" Kewa ta fi ciwon cin ranta.

Wata rana da hantsi Muntaka ya shiga gari neman wata allura da ya ji ana yabo. A nan numfashi ya fara sarƙe mata. Bakinta ya bushe, ta lalubi gefen gado, ba kowa. Ta kira Turai, shiru. Sai ta ajiye kunyar, ta yi ta kiran ɗanta.

Ya dawo da kwalbar allurar a aljihu, ya tarar an lulluɓe ta. Matar gadon kusa ta ce, "Kai ne Muntaka? Ta kira ka har muryarta ta dushe."

Gawa ba ta jiran mota. Matan da ba su san ta ba suka yi mata wanka, aka binne ta a Kano kafin la'asar. Labarin rasuwar ma a bakin direba Turai ta ji shi.

Jama'a, neman magani abu ne mai kyau. Amma idan masana sun ce ciwo ya wuce magani, a tambayi mai ciwon abin da yake so, kuma a saurare shi. Kada kunya ko tsoron surutun mutane su sa mu raba mai barin duniya da danginsa.