Hoton Zanen Gadon Inna

Ranar da mai hoto ya zo garinmu Tama, Inna ta yi mini wanka ta sa mini kwalli. Na zaci mu za a ɗauka. Sai ta fito da zanen gadon da ta yi wa ado da jan zare, ta ce in ɗaga shi har ya rufe mini fuska.

Mai hoton ya ce, "Inna, ke ba ki shiga?"

Ta ce, "Ni ina nan. Shi ka tahiya kasuwar Buza gobe a saida shi."

Na tsaya bayan zanen ina shaƙar ƙamshin sabulu, ban gane komai ba. Inna ta rasu ba ta taɓa yin hoto ba. In 'ya'yana suka tambayi kamanninta, nakan nuna musu hoton zanen nan.