Gado Na Bakwai

Shekarar da gero ya gagari talaka aka ba ni kwamfutar asibitin ƙauyenmu. Umarnin da take bi wajen lissafin kwanakin jinya layi arba'in ne, na mayar da shi ɗaya: daga ranar kwantarwa zuwa ranar sallama.

Sai sunan wata mata ya fito, gado na bakwai, kwana dubu da ɗari, ba a sallame ta ba.

Na tambayi tsohuwar ungozomarmu.

Ta ce, "Shekara uku ke nan da rasuwarta wajen haihuwa."

"To, bari in cike gurbin ranar sallamar, Inna."

Ta riƙe hannuna, tana duban gadon. Katifar ta lotsa kamar da mutum a kai.

"Bar shi, 'yata. Jaririnta take jira a miƙo mata. Har yau an rasa mai gaya mata cewa ta rasu."