Rakiya a Gadar Iyaka

Tun da aka damƙa wa na'urori masu tunani tsaron iyaka, harbi ya tsaya. Sharaɗin sulhun ɗaya ne: kada jirgin kowa ya wuce tsakiyar gada.

Inna Kande ta haye ta yi gaisuwar rasuwar ƙanenta. Da ta juyo, jirgi marar matuƙi na wancan ɓangaren ya biyo ta yana yi mata inuwa.

"Ina za ka?" ta tambaye shi.

"Rakiya, Inna. An koya mana ba a barin baƙo sai ya ce a koma."

Ta hango jiragen ƙasarta suna tasowa, bindigoginsu a saite. Saura taku kaɗan.

"Ɗan nan, koma haka nan. Na gode."

Ya tsaya cak. "To, Inna. A gaida mutan gida."