Gwiwar Baba

Mahaifina ɗan ƙwallo ne, mai tsaron baya. Ya fara a Kano, daga nan Sudan, sai Masar, sai Turkiyya, ya ƙare a Indiya. Ina firamare ya dawo Zakirai gaba ɗaya, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai.

Bayan la'asar ya kama hannuna muka je gaida kakana, Alhaji. Muka tarar da shi a gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa. Baba ya yi sallama, ya cire takalmi, ya rusuna iya yadda zai iya.

Alhaji bai ɗago ba. Ya ce, "Can inda ka je, a tsaye ake gaida uba?"

Baba ya dafa kafaɗata, ya sauka a hankali har ƙasa. Na ji ƙarar gwiwar, na ji warin man zafin da yake shafawa. Gumi ya karyo masa.

Suka gaisa har ƙarshe: iyali, gona, damina. Da aka gama, Baba ya yunƙura ya kasa tashi. Sai Alhaji ya janye ƙafar wandonsa, ya ga tabon ɗinki.

"Kai, me ya hana ka faɗa?"

"Ai ka ce kada in tafi ƙwallo, Alhaji."

Tsohon ya miƙe, ya kama shi ta hammata, ya ɗaga shi.

Dukansu sun rasu. Har yau ban san wanda na fi tausayawa ba.